Ordinatar Mushe Ta Yi Shiru

Garin Kolo, kusa da Guci
Farkon watan Agusta

Zuwa ga ƙanwata Aziza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Usama da duk mutanen gida. Na ji kin sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin damina da ya ɗan taɓa yara ya sake su. Gero ya kai ƙugu, alhamdu lillahi.

Wataƙila ba za ki tuna da ni ba. Ni ce Zulai, jikar Yakura. Kakata Yakura da kakanki Mamuda uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rabona da ke tun wani suna da aka yi a Dantchiao, kina ƴar ƙarama, kina ta kuka an hana ki buɗe bayan rediyon Kawu. Bawa direba, wanda zai kawo maki takardar nan, shi ya gaya mani yanzu kina da shago kusa da tashar Magariya, kina buga takardu kina gyaran ordinata, wato kwamfuta. Na ce to, ashe an bar ki kin buɗe.

Ƙanwata, damuwa ce ta sa na nemo ki. Maigidana, wanda mutane ke kira Mushe Mainassara kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya daɗe yana koyarwa a lakkol ɗin Guci. Ciwon hawan jinin ido ya kama shi, gani ya riƙa raguwa har ya tafi ɗungum. Wasu abokan aikinsa suka samo mashi ordinata mai magana. Duk harafin da ya taɓa sai ta faɗa, duk shafin da ya buɗe sai ta karanta mashi. Da ita ya koma mutum. Yanzu wata ƙungiya mai kula da karatun makafi tana neman malaman da za ta horar, ta ce kowa ya aika darussan da ya shirya kafin ƙarshen Satumba. Tun sanyin bana yake rubuta nasa, duk suna cikinta. In bai aika ba, sallamarsa za a yi daga aiki, don babu ajin da za a ƙara ba shi.

To, ga shi ta yi shiru. Tana kunnuwa, fuskarta na kawo haske, ina ganin ƴan hotunan nan, amma ko uffan. Shi kuwa in ba murya, da ita da faranti duk ɗaya ne a hannunsa. Na ce a ba Bawa ya kawo maki, ya ce ko ƙofar gida ba za ta fita ba, don wani abokinsa ya taɓa kai tasa gyara aka share mashi komai. Na ce to bari in riƙa karanta mashi abin da ke fuskar, ya ce, "Zulai, bar shi kawai." Tun ranar yana zaune a zaure, ba ya ko tambayar labarin gona.

Waya ba ta shiga garinmu tun da iskar farkon damina ta taɓa eriyar rezo, shi ya sa na rubuto. Ni ban wuce ƙaramar lakkol ba, amma ina iya haɗa haruffan Faransanci in kwafe su. Ki gaya mani abin da zan yi, dalla-dalla. Jibi ƙanensa zai kai shi Damagaram wurin likitan ido, za su ɗan kwana biyu. Ina son in gwada kafin ya dawo.

Yayarki,
Zulai

*

Magariya, ranar Juma'a

Yaya Zulai,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi murna ƙwarai. Na tuna da ke mana, ke ce kika goya ni kika fita da ni waje ranar kukan rediyon. Muna lafiya. Yarinya ta ci sunan Ruma'isa, tana shan nono kamar an aiko ta. Ki gaida Mushe, Allah ya ƙara mashi haƙuri.

Da so samu ne da kaina zan zo, amma Gwaggo ta kafa kujera a bakin ɗakina, ta ce ba inda zan je sai na gama wanka. Ko shago ba ni leƙawa.

Ki kwantar da hankalinki. Tunda fuska na kawo haske kuma kina ganin hotuna, cikinta lafiya yake, murya ce kawai ta maƙale a wani wuri. Ki fara da abu mai sauƙi. A layin sama na maɓallan rubutu akwai wanda aka zana wa ƴar lasifika, ki danna shi, wataƙila hannu ne ya taɓa ya rufe sautin. In ba ta yi magana ba, ki dubi ƙasan fuskar ta hannun dama, kusa da agogo, za ki ga wata ƴar lasifikar. Ki shafa yatsa a wurin shafawa har kibiya ta hau kanta, ki tsaya. Rubutu zai fito. Ki kwafe mani shi harafi-harafi, ko da ba ki gane ba.

Bayan haka ki shiga inda aka rubuta Paramètres, ki nemi Résolution des problèmes, ki zaɓi na sauti, ki bar ta ta binciki kanta. A kusa da wurin akwai wani da aka rubuta Réinitialiser. Kada ki danna shi, ko da wasa.

Ga lambata a bayan takarda, ko za ki samu inda rezo ke kamawa.

Ƙanwarki,
Aziza

*

Garin Kolo, ranar kasuwar Guci

Aziza,

Sallama da gaisuwa, da fatan ke da Ruma'isa kuna lafiya. Mu jiki lafiya, amma ni hankalina ba ya tare da ni, ki yi haƙuri da rubutun nan.

Takardarki ta iso a jiƙe. Motar Bawa ta kafe a cikin kwari, suka shiga ruwa har ƙirji suna turi, takardar kuwa tana aljihun rigarsa. Na shanya ta, na karanta abin da ya karantu. Na danna maɓallin lasifika, shiru. Na ɗora kibiya inda kika ce, ga abin da ya fito: Casque. Ni dai kaskin da na sani hular ƴan kabu-kabu ce. Me ya haɗa ordinata da hular moto?

Sai na shiga Paramètres. Wurin da kika ce in nema ruwa ya cinye sunansa, amma ƙasa kaɗan na ga kin rubuta Réinitialiser, sai tabon tawada, sai "ki danna shi". Na nemo shi na danna.

Aziza, sai wani allo ya fito da tambaya. Sama an rubuta Conserver mes fichiers, ƙasa an rubuta Supprimer tout, can gefe kuma Annuler. Supprimer na san shi, sharewa ne, mushenmu na lakkol yana faɗa in zai goge allo. Annuler kuma na ji ana faɗa in an soke jarrabawa. Na ga duk inda na taɓa, aikin bawan Allahn nan ne zai tafi. Na janye hannuna. Na sake ɗaga takardarki a rana, sai na ga kamar akwai wata kalma a ƙarƙashin tabon. Me kika rubuta a wurin?

Yanzu haka tana nan a kan allon. Ina tsoron kashe ta, kada ta ɗauka na amsa. Batirinta ba ya riƙe wuta, don haka na jona ta da batirin panno, farantin nan mai tara wutar rana, na hana kowa cajin waya, na hana kunna fitila. Maƙwabta sun fara cewa na yi rowar rana. Da fuskar ta yi duhu sai in shafa ta farka. Ga hadari kullum, panno ba ya samun abin kirki. Malaman lakkol duk sun tafi hutu, babu wanda zan nuna wa. Na hau tudun gabas da garin na kira lambarki, na ji kin ce "alo", kiran ya tsinke.

Mushe bai dawo ba tukuna. Don Allah ki ba Bawa amsa a wannan zuwan.

Zulai

*

Garin Kolo, ranar Talata

Ƙanwata Aziza,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa na ji shiru. Kasuwa ta ci ta sake ci, ba Bawa ba amsarki. Wannan ta hannun wani mai sayen awaki na ba da ita, ya ce zai bar ta a tasha.

Abin da nake tsoro ya faru. An wuni ana ruwa, aka kwana, aka tashi da shi. Da hantsi ina tankaɗe a bakin ɗaki sai na ji batirin panno ya yi ƙara, na waiwaya, fuskar ta mutu. Na zauna a ƙasa da garin a hannuna. Ban tashi ba sai da na ji sallamar Mushe da ƙanensa a zaure.

Na bari ya sha ruwa, ƙanensa ya fita. Na durƙusa na gaya mashi duka, tun daga takardar farko. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mani sauƙi. Can ya ce, "Me aka rubuta a allon?" Na ɗauko inda na kwafe na karanta mashi. Da na zo kan Annuler na gaya mashi dalilin da ya hana ni taɓawa, sai na ga kafaɗarsa na rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce. Ya ce, "Zulai, ai wannan ita ce ƙofar fita! Kwana da kwanaki kina gadin ƙofa a buɗe." Rabon da in ji dariyarsa tun kafin na'urar ta yi shiru.

Amma shi ma bai san abin da mutuwar wutar ta yi ba. Muka jira rana. Da ta fito washegari, ya ɗora na'urar a cinyarsa, ya kunna da kansa, ya ce, "Zo ki zauna nan. Ke ce muryarta yau." Yana danna maɓallai ba tare da lalube ba, ni ina faɗa mashi abin da ya fito. Ya buɗe wurin ajiyarsa. Na karanta: darasin ƙirga da tsakuwa, darasin sanin hanya da sanda, darasin haruffa masu tudu. Ina karantawa yana cewa "na gaba", har muka kai ƙarshe. Ko ɗaya bai ɓata ba. Ya shafa fuskarsa ya ce alhamdu lillahi, ni kuwa sai a lokacin kukan ya zo mani.

Murya dai har yanzu babu. Na tambaye shi Casque, ya ce abin saƙalawa a kunne ne, amma ai babu abin da ke jone, na'urar ce ta rikice. Muna ɗan yin aiki tare, sai dai karatuna na tafiyar hawainiya ne, in ya rubuta layi ɗaya sai in daɗe ina haɗa shi. Da wannan tafiyar ba za mu gama kafin lokaci ba.

Ya ce in gaishe ki, ya kuma ce duk abin da kika ce a yi, za a yi.

Yayarki,
Zulai

*

Magariya, farkon Satumba

Yaya Zulai,

Sallama. Muna lafiya, Ruma'isa ta fara kallon mutane. Ki yafe mani shirun. Motar Bawa tun ranar kwarin nan ruwa ya shiga injinta, tana gareji, takardarki kuma tana cikin motar. Jiya aka kawo mani su biyun tare. Na fara buɗe ta farkon. Wallahi ban san sanda na ɗauki mayafi ba, Gwaggo ta riƙe ni a ƙofa tana cewa, "Ke, karanta ɗayar mana!" Kalmar da ruwa ya ci ita ce KADA. Allah ya tsare, kuma tsayawar da kika yi ita ce daidai. Wannan takardar a cikin leda na ƙulle ta.

Yanzu ga magana. Ki gaya wa Mushe na'urarsa ba ta rikice ba, gaskiya ta faɗa. Tunda ta ce Casque, to tana jin akwai abin kunne a jikinta, shi ya sa take tura muryar can maimakon lasifika. Tana magana duk kwanakin nan, ba mai ji ne kawai. Ku nemo abin kunnensa, ya shafa bakin ƙarfen da ake sokawa. Ya kamata ya ji ɗan kai mai tsini a ƙarshe. In ya ji shi gundul, to kan ya karye ya zauna cikin ramin.

In haka ne, ku kashe na'urar tukuna. Kada a sa allura ko tsinke, za su ƙara tura shi ciki. Ku samu bik na rubutu, ku zare bututun tawadar, ku yi amfani da gindinsa inda babu tawada. A tura shi a hankali har ya hau kan guntun ya kama shi, a ɗan murɗa, a jawo a miƙe. Ba lalle ya fito a karon farko ba.

Na sa maku kile a cikin ledar, ƙaramin abin ajiya ne da ake sokawa a gefe. Mushe ya san shi. Kafin ku taɓa komai, ku kwafe darussan a ciki.

Ƙanwarki,
Aziza

*

Garin Kolo, ranar Lahadi

Aziza ƙanwata,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, lafiya ƙalau! Ki gaida Gwaggo, ki ce na gode da ta riƙe ki.

Ta yi magana!

Bari in bi maki da sannu. Da na karanta mashi takardarki sai ya ce, "Ɗan akuyan nan." Ashe ranar da abin ya faru, ruwa ya koro wani ɗan akuya cikin zaure, ya bi ta kan wayar abin kunnen ya fizge ta. Wayar ta tsinke, Mushe ya zare sauran ya jefa a aljihun jaka, bai ƙara bi ta kansa ba. Muka zazzage jakar. Yana shafawa ya ce, "Gundul ne." Na haska ramin da tocila, na hango ɗan ƙarfe yana ƙyalli can ciki.

Muka kwafe darussan a kile kamar yadda kika ce, muka kashe ta. Na fara gwada bututun bik ɗin, ya ƙi kamawa. Na sake, ya ƙi. Mushe ya ce in ba shi. Ya kwantar da na'urar a cinyarsa, ya laluba ramin da ɗan yatsa, ya sa bututun. Ni kuma na matso ina ta haska mashi. Ya ce, "Zulai, wa kike haskawa?" Na kashe tocilar ina jin kunya.

Ya daɗe yana juyawa, kansa a karkace kamar mai sauraron wani abu. Bututun farko bakinsa ya buɗe, muka lalata bik na biyu. Can sai ya ce, "Ya kama." Ya jawo a hankali. Wani ɗan abu ya faɗo a kan tabarma, bai kai ƙwayar wake ba.

Ya kunna. Muka kasa kunne. Sai muryar nan ta fito da ƙarfinta duka, don na ƙure sautin tun ranar da nake ta danne-danne. Kaji suka watse, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko baƙo muka yi daga birni. Ni ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Mushe yana cewa in yi a hankali, shi kansa bakinsa ya ƙi rufuwa.

Tun ranar yake aiki daga safe har zafin rana. Abin da ya ba ni mamaki, bai kore ni ba. In ya gama darasi sai ya kira ni, ya sa ta karanta, ya fassara mani, ya ce in gaya mashi ko uwar yaro makaho za ta gane. Jiya na ce wani wuri ya yi tsauri, ya gyara.

An ce masu gyaran eriya sun zo. Saura aikawa.

Yayarki mai godiya,
Zulai

*

Garin Kolo, cikin watan Oktoba

Zuwa ga Malama Aziza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne Mainassara, mijin yayarki. Wannan saƙo da hannuna na buga shi, ta rezo kuma zai iso maki, ba ta aljihun Bawa ba. Ina fata ke da Malam Usama da Ruma'isa kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan an fara yankan gero, kuma ya yi kyau.

Na san Zulai ta gaya maki ta waya cewa mun aika, amma ba ta ba ki labarin wuyar da muka sha ba, ta ce ni zan bayar. Rezo ya dawo ana saura ƴan kwanaki a rufe karɓa. Muka haɗa na'urar da wayar Zulai, ta nuna ta kama, amma duk shafin da na buɗe sai ta ce ba ta amince da shi ba. Muka koma tudun gabas, haka. Muka canza waya, haka. Zulai ta ce a kira ki, na ce ta ba ni zuwa la'asar, kin yi mana abin da ya isa.

Na zauna na sa na'urar ta karanta mani saƙon ƙin amincewar gaba ɗaya, ba rabi ba kamar yadda nake yi don haushi. A ƙarshensa ta ambaci agogo. Na tambaye ta kwanan wata, sai ta ba ni wata shekara da ko auren fari ban yi ba. Ashe ranar da wuta ta ɗauke mata ƙaf, lissafin kwanakinta ya koma baya, shafukan kuwa ba su yarda da mai tsohon kwanan wata. Na gyara rana da shekara, na sake gwadawa. Nan take ta buɗe. Darussan suka tafi muna zaune a kan yashi, Zulai riƙe da waya sama kamar mai kiran shaho. In na zo Magariya za ki duba mani ƙaramin batirin agogon, na ji an ce akwai shi a ciki.

Zan kuwa zo. Amsa ta iso shekaranjiya: sun ɗauke ni. Zan yi horo a Damagaram, daga nan a ba ni ajin yara makafi. A wasiƙar sun ce darussan sun yi sauƙin fahimta ga iyaye. Na gaya wa yayarki wannan yabon nata ne, ta ce in bar zolayarta.

Labari ya bazu a ƙauyukan nan. Jiya wani makiyayi, Dikko, ya zo daga rugarsu da ɗiyarsa Hawa, wadda aka haifa ba ta gani. Ya ce bai taɓa tunanin lakkol a kanta ba, ya zo ne dai ya ji ko gaskiya ne. Yarinyar ta ƙi magana, tana maƙale da rigarsa. Na kama yatsanta na ɗora a kan maɓallai, muka danna haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya. Na'urar ta haɗa ta faɗa da irin lafazinta na Faransawa: "Awa."

Sai yarinyar ta saki rigar ubanta, ta matso, ta ce, "Ba haka ake faɗa ba. A sake."

Dikko ya ce in rubuta sunanta a cikin ajin.

Na gode, Allah ya saka maki da alheri, ya raya zuriya.

Naki,
Mainassara